Ɗanwaken Cindo na Ranar Asabar

Wani mutum ne muke katanga ɗaya da shi a Malumfashi, sunansa Cindo. Wanda ya taɓa zama da shi ba ya bukatar in gabatar masa da shi, don shi da kansa ya riga ya yi, har da ƙari. Sana'arsa gyaran agogo. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, sai ya kwashe ƙarfinsa duka ya mayar kan baki.

Babu abin da Cindo bai taɓa yi ba a duniya. Ya tuƙa tirela, ya kama kada da hannu, ya gyara wa wani soja bindiga a cikin mota tana gudu. Amma abin da ya fi ji da shi girki ne. Wai ya yi wa Turawan wani kamfanin hanya kuku, ranar da zai ajiye aiki babban Baturen ya riƙe masa gefen riga yana hawaye shaɓe-shaɓe. An haife shi da yatsa shida, shi ya sa ake ce masa Cindo, an kuma cire na shidan tun yana cikin zanen goyo. Shi kuwa cewa yake har gobe da wannan yatsan yake auna gishiri.

Duk wannan bai dame ni ba. Ni tsohon hedimasta ne, na sha ƙarya iri-iri daga bakin yaran da suka makara, kunnena ya saba. Abin da ba na yafewa shi ne a yi kuskure a gaban aji, a ce za a gyara shi a bayan aji. Inda aka ɓata, nan ake gyarawa.

Muna da ciyayya a ƙofar gidan Alhaji Bawale, dattijon layinmu. Bayan sallar Magariba kowane magidanci ya ɗauko kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a ci tare. Al'ada ce mai kyau, sai dai tana da haɗari, don duk matar da ke layin nan a kan wannan tabarmar ake yi mata jarrabawa ba ta nan. Kwanon gidana bai taɓa faɗuwa ba. Mai ɗakina, Hajiya Tasalla, ita ake kira ta tsaya a kan babbar tukunya duk lokacin da ake suna ko biki a unguwar. Ba yabo nake yi ba, sakamako nake faɗa.

Ana nan sai matar Cindo, Larai, ta tafi Gusau wankan jegon 'yarsu Sa'ade, ba za ta dawo ba sai an yi arba'in. Muka ce to, Cindo ya riƙa zuwa hannu rabbana yana ci da mu, ai don irin haka aka yi ciyayya. Washegari sai ga shi da kwano rufe da faifai, yana tafe yana hura hanci. Ya dire shi a tsakiyar tabarma, ya ce shi ya girka. Ya ce dama Larai ɗalibarsa ce, yanzu ne za mu ci na malaminta.

Aka buɗe. Tuwon masara ne da miyar busasshiyar kuɓewa. Aka ci, aka sake kai hannu. Mati Wanzami, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya lashe yatsunsa tas, ya ce yau kam Cindo ya faɗi gaskiya, a rubuta ranar. Aka buɗe nawa. Shi ma tuwon masara ne da miyar busasshiyar kuɓewa. Cindo ya tsoma yatsa ɗaya, ya kai baki, ya ɗaga kai sama kamar mai neman jinjirin wata. Ya ce ba laifi, an yi ƙoƙari, sai dai an yi saurin zuba daddawa.

Na ƙyale shi. Mutum yana da ikon faɗin ra'ayinsa, ko da ba daidai ba ne.

Kashegari gidana aka yi shinkafa da wake da mai da yaji. Cindo ma shinkafa da wake ya kawo. Rana ta gaba faten tsaki da yakuwa, shi ma faten tsaki da yakuwa. Da Mati ya tambaye shi yadda aka yi girkinsa yake bin nawa kamar jela, sai ya ce da gangan yake yi. Wai ƙamshi yake jiyowa ta katanga, sai ya dafa irinsa don jama'a su ga bambanci, su ƙaru. Kullum kuma da darasi. Yau ya ce wake ba ya son a buɗe masa murfi sau biyu, gobe ya ce yakuwa da hannun hagu ake tsinke ta. Manyan mutane masu furfura suna gyaɗa kai. Wasu har suna komawa gida suna yi wa matansu gyara.

Ranar da ya ƙure ni, dambun shinkafa aka yi da zogale. Ya ci nasa, ya ɗanɗani nawa, ya share baki, ya dube ni da tausayi.

"Malam, kada ranka ya ɓaci, amma abincin gidanka ɗanɗanon makarantar kwana gare shi. Ana ci a ƙoshi, ba a dai marmari."

Mati ya ce ashe shi ya sa in ya ci yake jin kamar za a kaɗa ƙararrawa. Daga ranar kwanona ya samu suna: kwanon bodin. A miƙo na bodin, a ture na bodin. Ina so a lura da wannan kalma, don har yau da nake ba ku labarin nan Cindo bai janye ta da bakinsa ba, kuma ina nan ina jira. Na gaya masa a rubuce ba na so, a ɓoye ba na so. A kan tabarmar da ya faɗe ta, a gaban mutanen da suka ji, da murya irin wadda ya faɗe ta.

A daren ne kwanon gidana ya fara komawa ciki da saura. Tasalla ta buɗe, ta duba, ta rufe.

Ni ba na yanke hukunci sai na duba takarda da kaina. Da aka sake zama, na jawo kwanukan biyu gabana. Loma daga dama, in kurkure baki, loma daga hagu. Gishiri ɗaya, yaji ɗaya. Har ɗan ƙaurin da shinkafar ta yi a gindin tukunya, shi ne a can, shi ne a nan. Na ce jama'a, abincin nan iri ɗaya ne, babu bambancin ko ƙwayar gero. Aka kwashe da dariya. Alhaji Bawale ya dafa kafaɗata, ya ce in yi haƙuri, hassada ba ta dace da mai ilimi ba.

Na shiga gida na tarar da Tasalla tana gyaran wake a tire. Na tambaye ta ko ta san inda Cindo yake samun abinci. Ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce ai ita take ba shi. Larai da za ta tafi ta bar mata amanar cikinsa, don ko ruwan shayi bai iya tafasawa ba, ya taɓa ƙona buta har gindinta ya ɓule. Kullum da rana da kuma kafin Magariba take miƙa masa ta wurin da katanga ta ɗan rushe, kusa da turken akuya. Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya, nawa ake fara zubawa.

Na zauna. Na kwashe duk abin da ake faɗa a tabarma na gaya mata, har da bodin. Na ce gobe in Allah ya kai mu zan tsaya a gaban kowa in warware zancen tun daga tushe.

Sai a nan ta ajiye tiren.

"Gori za ka yi wa maƙwabci a kan abinci, Malam? A bainar jama'a? Gara a ce ban iya dafa ruwan zafi ba."

Na ce ba gori ba ne, gyara ne. Ta ce duk sunan da na ga dama in sa masa, mutane gori za su kira shi, kuma ita za a zaga, a ce matar Hedimasta ta ciyar da maƙwabci ta aika mijinta ya yi shela. Na ce to a daina ba shi. Ta ce amana ce, ba da ni aka ƙulla ba, ba kuma ni zan kwance ba. Ba ta bar ni na tashi ba sai da na yi mata alkawarin ba zan buɗe baki a kan kwanon katanga ba.

Haka na ci gaba da zama a tabarma ina kallon ana yabon abincin gidana a kwanon wani, ana kushe shi a nawa. Tsakanin kwanukan biyu bai kai kamu ɗaya ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Amma abin da aka faɗa a tabarma ba ya kwana a tabarma. Mazan suka kai gida, matan suka ɗauka. Aka yi suna a bayan layinmu, Tasalla ta ɗaura zanenta na aiki ta tafi da muciyarta kamar yadda ta saba. Aka karɓe ta da fara'a, aka ce ta huta, girma ya kama ta, aka ajiye mata kwandon albasa da wuƙa. Ta dawo da yamma idanunta jawur. Na tambaya, ta ce albasa ce. Na yarda albasa ce. Amma na daɗe da matar nan, albasa ba ta taɓa hana ta cin tuwon dare ba.

Ga kuma bikin autar Alhaji Bawale ya matso. Tun yarinyar tana rarrafe kowa ya san tukunyar bikinta ta Tasalla ce. Sai ga Alhaji da kansa yana cewa a tabarma yana tunanin ya ba Cindo ragamar girkin, mata su riƙa yi yana tsaye a kansu yana nuna musu. Cindo ya ce ba ya son wahala, amma don Alhaji zai daure.

Na miƙe tsaye. Na gyara zaman tabarau. Na ce ni ban zo da zargi ba, na zo da ƙa'ida. Yaron da ya ce ya iya lissafi ba gardama ake yi da shi ba, alli ake miƙa masa. Ko dai Cindo ya janye abin da ya faɗa a kan gidana, ko kuwa ya ɗora tukunya a gabanmu, tun daga hura wuta har saukewa.

Cindo ya ce ido yana ɓata girki. Ya ce kafaɗarsa tana ciwo. Ya ce sirrin sana'a ba a baje shi a titi. Amma Alhaji Bawale ya ce maganar Malam tana kan hanya, shi ma zai so ya gani kafin ya damƙa masa buhunan shinkafarsa. Cindo ya riƙa motsa leɓe kamar mai ƙidaya wani abu. Can sai fuskarsa ta washe. Ya ce ya yarda. Ranar Asabar, abincin rana, ɗanwake zai yi mana. A tsakar gidansa, jikin katanga, don nan ne inuwa.

Nan take na gane abin da ya ƙidaya. Gidana a tsare yake kamar jadawalin darasi, kowace rana da abincinta, ba a tsallakewa. Asabar da rana ɗanwake ake ci tun da aka kawo Tasalla. Ko shekarar da ruwa ya shigo mana har ɗaki, a kan gado muka zauna muka ci ɗanwake, don Asabar ce. Cindo ya ci ta katanga har ya haddace.

Ranar Juma'a da yamma Tasalla ta ce mini, kamar ba wani abu ba, Baban Sa'ade ya leƙo ya ce gobe yana da baƙi. A ƙara hannu, a bar masa a cikin tukunya don kada ya huce, a miƙo daidai kiran Azahar. Na ce madalla, maƙwabci ai ɗan'uwa ne.

"Hajiya, gobe taliya nake sha'awa. 'Yar murji, da manja da yaji."

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana.

"Gobe fa Asabar, Malam."

"Na san Asabar ce."

Ina so a fahimce ni. Alkawari na yi ba zan yi magana ba, kuma ban yi ba. Ban yi alkawarin zan ci ɗanwake ba. Magidanci yana da ikon ya yi marmarin taliya a gidansa. Tasalla ba ta ƙara tambaya ba. Ta auno fulawa, ta kwaɓa, ta kafa injin murji a bakin turmi, ƙir-ƙir-ƙir har aka kira Magariba. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta murza taliya mai tsawon ta ranar ba. A cikin ɗaki ta shanya ta, ba a igiyar tsakar gida ba. Ta ce saboda kaji.

Asabar da hantsi muka hallara a gidan Cindo. Ya sa farar hula, ya rataya tawul a kafaɗa, ya jera kaya a kan tabarma kamar mai tallar magani: garin wake, garin rogo, kuka, kanwa. Murhu kuwa a jikin katanga, daidai inda ta ɗan rushe. Tukunyar irin ta maƙera ce, wadda kowane gida a layin yake da irinta.

Hura wutar kaɗai ta ci rabin safiya. Ya hura, hayaƙi ya turnuƙe, ya yi tari, ya ce itacen bana ba shi da tarbiyya. Ɗanwake kuwa, duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba shi da wuya. A jiƙa kanwa a tace ruwanta, a kwaɓa gari da kuka da ɗan tauri, a bari ruwa ya tafasa, a riƙa jefawa ƙanana-ƙanana, in ya taso ya nuna a tsame a ruwan sanyi. Shi ke nan. Yarinyar da ba ta kai aure ba tana yi tana hira.

Cindo ya ɗauki kanwa dunƙule guda ya jefa cikin gari, ƙwal. Ya zuba ruwa, abu ya zama kunu. Ya ƙara gari, ya zama dutse. Ya ƙara ruwa. Ya ƙara gari. Haka suka yi ta yi, shi da kwano, har garin ya ƙare, ruwa ya ci gasa. Kukar kuwa duka ya juye, wai Turawa suna son kore. Ruwan tukunya ko motsi bai fara ba ya soma jefawa, kowane curi kamar kan jariri, tsulum, tsulum. Mati ya tambaya ko ba a jira ya tafasa. Cindo ya ce wannan tsohon yayi ne, ɗanwake ya fi son ya saba da ruwa a hankali, kamar mai shiga kogi.

Curin suka narke. Da wuta ta kama, tukunya ta fara kumfa, kore shar, tana ambaliya tana kashe wutar, fuuu. Ya ɗauko muciya ya shiga tuƙi da hannu biyu kamar mai tuwon sadaka. Ya shiga ɗaki ya ɗebo wani gari a leda, ban san ko na mene ne ba, ya zazzage. Tukunya ta koma ɓal, ɓal, tana tofo masa a riga. Alhaji Bawale ya ja kujerarsa baya. Ya ce shi dai a saninsa ba a tuƙa ɗanwake. Cindo ya ce a bari a ga ƙarshe, gini ma in ana cikin yinsa ba shi da kyan gani.

Ana cikin haka aka kira Azahar. Wuf ya rufe tukunya, ya ɗora dutse a kan murfi. Ya ce yanzu ne za a sa abin da ido ba ya gani, wanda Baturen ya roƙe shi da kuka bai gaya masa ba. Mu yi gaba, yana tafe.

Abin da ya faru bayan fitarmu ban gani ba, saboda haka ba zan ce na gani ba. Abin da na gani shi ne Cindo ya shigo masallaci a raka'ar ƙarshe yana haki, da baƙin tukunya a hannun riga har gwiwar hannu. Sauri yake kada a ce ya daɗe shi kaɗai. Mai sauri kuwa ba ya tsayawa ɗaga murfi.

Muka dawo. Tukunya tana kan murhu, dutse yana kanta, wani ƙamshi yana tashi wanda babu shi kafin mu tafi. Cindo ya sa aka zauna aka yi da'ira. Ya wanke hannu. Ya yi jawabi a kan masu hassada, bai ambaci suna ba, amma ni yake kallo. Ya ce yau za a san bambancin girkin gado da girkin bodin. Ya ɗauke dutsen, ya kama murfi, fuskarsa tana wajenmu, ya ɗaga.

"Ga ɗanwake, a ci a ba da labari."

Tururi ya tashi, ya washe. Muka leƙa gaba ɗaya. Taliya ce. Jawur da manja, ga albasa an yanka a sama, ga yaji a ƙulle a gefe.

Akuyar gidana ta yi kuka daga bayan katanga.

Cindo ya ga fuskokinmu, sannan ya sunkuya ya duba. Ya daɗe a sunkuye. Ya sa ludayi ya ɗebo, ko da ɗanwaken yana ƙasa. Ya ɗaga, taliya ta biyo. Ya ɗaga har kafaɗa, tana biye. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu sama har yana ɗage, zulululu, ƙarshenta bai bar tukunya ba.

Mati ya share murya. "Cindo, wannan fa?"

"Ɗanwake ne."

"Wanda ka jefa ɗazu?"

"Shi ne. Wuta ya ji ya miƙe."

Ya ce na Turawa haka yake, in ya nuna sosai sakin jiki yake yi. Mati ya tambayi inda koren ya tafi. Ya ce ya bi tururi. Aka tambayi manjan, da albasar da ba wanda ya ga an yanka. Ya ce ai shi ne sirrin, in ya faɗa ya tashi daga sirri.

Abin takaicin, mutanen nan yunwa suke ji. Alhaji Bawale ya kai loma, ya lumshe ido, ya ce ikon Allah ya fi gaban mamaki. Wani ya ce shi dai ko mene ne sunansa a zuba masa. Na ga ƙarya tana neman ta sake cin jarrabawa a gabana, ni kuma alkawari ya ɗaure mini baki. Na miƙe na ce ina so a shaida cewa gari aka zuba, taliya aka kwashe, kuma a duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga wannan a kowane littafi ba. Cindo ya ce ai shi ya sa ilimin boko bai isa ba.

Daga baya Tasalla ta ce mini ba ta san muna wurin ba. Ban bincika ba. Muryarta dai muka ji daga bayan katanga, a natse, irin ta mai tambayar lafiyar maƙwabci.

"Baban Sa'ade, taliyar ta ishi baƙin naka kuwa, ko in ƙaro?"

Hannun kowa ya tsaya a inda yake. Alhaji Bawale ya dubi katanga, ya dubi tukunya, ya dubi Cindo. Cindo yana riƙe da ludayi, yana kallon wata ƙadangaruwa a bango kamar ita ta yi maganar. Alhaji ya haɗiye lomar da ke bakinsa. Ya tambayi katanga, cikin ladabi, ko tuwon masarar nan da dambun nan da duk sauran su ma ta nan suka biyo. Katanga ta yi shiru. Shirun ya ishi kowa. Alhaji ya gyara murya ya ce a gaya wa Hajiya tukunyar biki tana jiranta, shi da kansa zai aiko a ba ta haƙuri, da goro.

Ta ce Allah ya kai mu. Sannan ta ce saura magana ɗaya.

"Wannan da ka miƙo mini in ajiye maka, na kai wa akuya ta ja da baya. Muciyar da na tsoma in ɗebo mata kuma ta ƙi fita. A zubar, ko kana da amfaninsa?"

Sai ga tukunya ta leƙo ta saman katanga, muciya a tsaye a tsakiyarta cak kamar an dasa. Mati ya karɓa da ƙyar. Ya kifa ta, ba abin da ya faɗo. Ya girgiza, ko gezau. Ya kama muciyar ya ɗaga, tukunya ta biyo ta. Ya ƙwanƙwasa da bayan askarsa, ƙwas, ƙwas.

Alhaji Bawale, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da siminti a bakin tasha, ya ce a miƙo masa. Ya sa farce ya karta, farcen ya karye. Ya auna nauyinta a hannu, ya jinjina kai. Ya dubi Cindo, babu ko alamar wasa a fuskarsa.

"Cindo, girkin biki dai ka huta. Amma wannan, buhu nawa za ka iya yi mini a sati?"